Dangwale Ɗaya a Ƙasan Takarda

Har gobe ban manta da ranar da na shiga aji da tawadar dangwale a aljihu, ɗalibaina suka kunyata ni ba. Lokacin ina malamin yaƙi da jahilci a wata firamare kusa da Shahuci. Yara su tashi, mu shiga bayan la'asar, mu fita da kiran magariba. Ɗalibaina duk magidanta ne, dukawa da teloli da 'yan tireda na Ƙofar Wambai. Gwamnati ke ba da alli da littattafai.

Soja ba su daɗe da miƙa mulki ba sai mai duba azuzuwanmu, wato ogana, ya zo da labarin ana shirin rufe azuzuwan yamma, wai ba a ga amfaninsu ba. Ya ce, "Malam Habu, yanzu farar hula ne, ana jin koke. Amma ƙa'ida sai takarda ta bi ta hannun sakataren ilimi kafin majalisa ta zauna ranar Litinin."

Ni kuwa da gaggawa aka haife ni. Na kai aka buga koken da tafireta, na sayo tawada don kowa ya dangwala mu gama a yamma ɗaya. Baba Ɗanlami baduku, wanda ya girmi kowa a ajin, ya kalli tawadar, ya kalle ni.

"Malam, shekara biyu ina rufe rumfa ina zuwa in zauna a bencin jikokina. Don in dangwala?"

Wallahi ji na yi kamar in nutse. Na ce lokaci ne ba mu da shi. Ya ce, "A dai ba mu biro."

Yamma uku muka yi a kan takardar nan. Wani sunansa ya karkace ya hau sama, wani ya danna biro har takarda ta huje, ni kuwa raina sai ɓaci yake yi. Malam Iro mai gyaran keke a Ƙofar Ruwa sati biyu kacal ya yi a ajin. Ya gwada, ya yi gumi, ya kasa. Na so a bar shi a waje kada ya ɓata mana hujja. Baba Ɗanlami ya ƙi, ya miƙa masa tawada ya dangwala a can ƙasa.

Ranar Alhamis da safe muka je ofis, ni da Baba. Sakatare ya karɓe mu da mutunci, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi.

"Ai Malam, kun kawo hujja a kanku. Mutanen da suka iya rubuta sunansu, me ya rage? Aiki ya ƙare."

Sai Baba ya matso, ya ɗora yatsa a kan dangwalen nan.

"Ranka ya daɗe, ba don kanmu muka zo ba. Wannan na Iro ne. Bara waccan dukkanmu haka muke. In aka rufe, shi haka zai ƙare, kuma irinsa sun cika lungunmu."

Sakatare ya daɗe yana kallon wurin. Daga nan ya yi rubutu a saman takardar, ya ce shi da kansa zai kai ta majalisa. Ba a rufe ajin ba, kuma ina alfahari da mutanen nan har yau.

Ku da kuka shigo aikin koyar da manya yanzu, abin da na koya ke nan: kada gaggawa ta sa ka yi wa babban mutum abin da ya zo koyon yi da kansa, kuma kada ka ɓoye wanda bai iya ba, don saboda shi aka buɗe ajin. Bayan damina na bi ta Ƙofar Ruwa, na ga sunan Iro da fenti a jikin rumfarsa, a karkace. Na tambayi wa ya rubuta masa. Bai ko ɗago daga tayar da yake faci ba, ya ce, "Haba Malam."