Dubu Saba'in Ba Ɗaya

Dubu saba'in lissafi ne mai sauƙin kai. Ka raba shi biyu ya rabu, huɗu, biyar, bakwai, takwas, goma, duk ba musu. Uku ne kawai ba ya shiri da shi, shi da danginsa shida da tara. Na yi shekara da shekaru ina koya wa yara wannan a Sinnar, amma ba a makaranta na fara saninsa ba.

A ƙauyenmu na bakin kogi, idan mutum ya rasu akan yi masa hailala dubu saba'in, fansar wuyansa daga wuta. Maza saba'in su zauna a masallaci, kowa ya ja dubu, kafin la'asar an gama. To, Baba bai zaɓi lokaci ba. Ya rasu tsakiyar tsinkar auduga, gari ya watse gonakin Jazira, waɗanda suka kai shi makwanci ma da ƙaiƙayin auduga a hannu suka zo suka koma. Har yau ina jin haushinsu, ko da yake na san yunwa ba ta san makoki ba.

Muka rage mu uku: Inna, da Goggo makauniya, ƙanwar Baba, da ni. Yayana kuwa ya tafi aikin madatsar ruwa a Damazin tun bara waccan, ba saƙo ba labari.

Hailalar ta koma kanmu, ni aka ba aikin raba ta, don ni ce mai ɗan karatu. Na zana a ƙasa, na share, na sake. Kowa dubu ashirin da uku da ɗari uku da talatin da uku, sai ɗaya ta yi tsaye ta ƙi shiga.

Na ce, "Inna, guda ta rage. In ƙara a nawa?"

Ta ce, "A'a ɗiyata, bar ta. Ta yayanki ta. In ya komo shi faɗe ta da bakinai, kada shi rasa hannu cikin fansar ubanai. Halas, magana ta ƙare."

Muka yi ta ja da carbin 'ya'yan aduwa har muryar Goggo ta dushe. Da muka gama, Inna ta ɗauki ɗan aduwa guda ta ƙulle a bakin mayafinta.

Aka gama madatsa, ma'aikata suka dawo, ban da shi. Na je Damazin na yi cigiya har na gaji. Goggo ta sha roƙon Inna: "Ki faɗe ta mana, numfashi guda na, ɗan'uwana shina jira." Inna sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Da Inna ta rasu, ni na kwance ƙullin. An yi mata tata dubu saba'in cif. Ta Baba tana nan ba ɗaya.

Nakan faɗi kalmar nan safe da yamma, kamar kowane Musulmi, amma ban taɓa yin niyyar waccan ba. Baba yana jira, na sani, kuma abin yana cin raina. Sai dai ran da na faɗe ta, ran nan na binne yayana, kuma yanzu ni kaɗai na rage da zan faɗa.