Kwandon Farko a Ƙofar Tanimun

Shekara talatin da ɗoriya Tanimun ya yi yana saukar baƙi masu sayen albasa a Galmi, alhali ko taƙin fadama bai taɓa mallaka ba. Jarinsa ɗakin baƙi ne da tukunyar matarsa Umma, sai kuma bakinsa. In ya ce ajiye, manomi ya ajiye. Shi ya sa duk lokacin cira manoma kan dire masa kwandon farko a ƙofar gida, alamar amfaninsu yana hannunsa.

Ya san masu saye kamar yunwar cikinsa. Basakkwace zai tsuguna ya yi ta ciniki har ka gaji ka sallama. Na Kwatano sai ya zazzage buhu ya ga gindinsa, sai ka ce ka taɓa cutarsa. Alhaji Liman na Kumasi kuwa daban ne. Kwana uku yake yi yana ci yana sha bai tambayi albasa ba, ran na huɗu ya ce, "Tanimun, abin da ka zaɓa shi na zaɓa."

Da Alhaji ya rasu, ɗansa Mahfuz ya gaji sana'ar, ya jingina ta da wani kamfanin manyan kantuna. Tanimun bai ga abin da ya sauya ba, a ganinsa ɗa ai hanyar ubansa yake bi. Ya ce wa Inusa da wasu manoma huɗu su zuba tasu a rudu, rumbun karan da ake adana albasa, kada su sayar wa kowa, baƙonsa na tafe.

Mahfuz ya zo, amma a otal ya sauka a Konni. Tuwon Umma ya huce a akushi. Tanimun ya danne kunya ya bi shi can.

"Baba," in ji Mahfuz, "kamfani farashin mutum uku yake so a rubuce, da tambarin buro, wato ofis. Mai araha shi zai samu."

"Ɗana, mi za ni rubutawa? Ubanka bai taɓa biɗar takarda gare ni ba."

"Na sani, Baba. Kamfanin ba nawa ba ne."

Wani ɗan Yamai mai buro, wanda bai san albasar ajiya da ta ci-yanzu ba, shi ya samu. Kafin Tanimun ya lalubo wani mai saye damina ta sauka, laima ta shiga rudu, wari ya cika unguwa. Inusa bai zage shi ba, da ya zaga ma da abin ya fi sauƙi. Ya ce ƙaddara ce, ya ci gaba da gaishe shi har da rusunawa. Wannan gaisuwa ta fi komai ci wa Tanimun rai.

Bana da aka fara cira, ya share ƙofar gida tun da hantsi ya zauna. Amalanke suna ta wucewa, ana ɗaga masa hannu. Da la'asar Umma ta leƙo zaure da mayafi a ka, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, nawa aka saida albasar miya yanzu? Ni ban taɓa saye ba."