Malam Mashudu, Mai Lissafin Jiragen Tamale

Da an idar da sallar asuba a unguwar Nyohini, Malam Mashudu Issahaku yakan sha kokonsa a tsaye, ya hau keke ya nufi filin jirgi. Ofishinsa ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya. A kan teburin akwai taswira, rula, fensir, da wani faifan alminiyo mai hawa biyu da ake juyawa. Da wannan faifai yake gaya wa matuƙan ƙananan jirage inda za su sa hanci, minti nawa za su yi a sama, da man da iska za ta cinye musu. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma bai taɓa tuƙa jirgi ba.

Wanda ya ga 1983 ya san abin da ake kira wuya. Babu ruwan sama, babu hatsi, babu mai. Matuƙan da suka sayo na'urar lissafi daga Turai sun jefa ta a aljihu, don batir ya ɓace a kasuwa. Kowa ya dawo teburin Malam.

Sista Rakiyatu, ma'aikaciyar jinya a Lamashegu, ita ta ba ni labarin ranar da za ta kai allurar sanƙarau garin Tumu. Maganin yana cikin akwatin ƙanƙara, rana kuma tana ɗagawa. Matuƙin, Kyaftin Tahidu, ya riga ya loda buhun masara biyu zai kai wa danginsa a can.

Malam ya juya faifansa, ya rubuta, ya sake juyawa. Ya ce, "Kyaftin, da nauyin nan da iskar yau, man da aka ba ka zai kai ka, amma ba zai dawo da kai ba. A Tumu kuwa babu ko ɗigo. A sauke masarar."

"Baba, mutanena yunwa suke ji fa!"

"Na sani, ɗana. Gidana ma sau ɗaya ake ɗora tukunya. Amma lissafin bai canza ba. Zo ka duba da kanka."

Kyaftin ya duba. Ya sauke buhunan da hannunsa, ya tashi ko sallama bai yi ba. Sista ta ce a sama yana riƙe da takardar Malam a gwiwa, yana duba agogo, kogi ya bayyana a mintin da aka rubuta. Sun yi wa ɗaruruwan mutane allura. Da suka sauka Tamale, man da ya rage bai fi na minti goma sha biyar ba. Kyaftin ya shiga ɗakin Malam, ya cire masa hula.

Masarar ta kwana tara ƙarƙashin teburin Malam kafin a sami lorin Tumu. Masu gadi sun shaida ɗinkin buhunan yadda aka kawo shi haka ya tafi.

Malam, kai ne mai cewa a'a ran da kowa ke son jin to. Kai ne ka yanka kwali ka yi faifai irin naka, ka zaunar da ma'aikata ranar Asabar kuna gwajin tafiya garuruwan Wa da Bolga a kan tebur, kana canza musu iska a tsakiyar hanya har sai sun iya. A cikinsu Malama Zaratu ta fito, wadda za ta gaji kujerarka. Ta ce abin da ka fi nanata mata shi ne, "Lissafa sau biyu, sannan ki faɗi abin da ya fito, ko wa ke tsaye a kanki."

Mun gode, Malam Mashudu. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa hutun ya yi albarka. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, mai awo a kasuwa ne ko mai auna magani a asibiti, akwai ranar da wani zai tsaya a kanmu yana roƙon mu ɗan sassauta. Ranar nan mu duba sau biyu, mu gaya masa gaskiya.