Kwana Ukun Dinah

Mika Dodo ya yi shekara ashirin da biyu yana tallata wa wani kamfani iri da maganin feshi. Gidansa na Zuru, bayan kasuwa, amma in ka je nemansa sai dai ka tarar da matarsa Dinah da kare. Yau yana Ribah wajen manoma, jibi ya kama hanyar Birnin Kebbi ya hau jirgi zuwa Abuja, inda babban ofishinsu yake.

Otal ɗaya yake sauka, jirgin kamfani ɗaya yake hawa, don haka kowannensu ya ba shi kati. Duk tafiya ana zuba masa maki, in makin ya taru a ba shi kujerar jirgi ko kwanan otal kyauta. Tun ranar da katunan suka shiga aljihunsa ya yi wa Dinah alkawari: zai kai ta Abuja a jirgi, su yi kwana uku a otal, ba girki ba wanke-wanke.

Sai dai Zuru garin sojoji ne. Da wuya ka wuce gida uku ba ka sami tsohon soja ko matar wanda ya mutu a bakin aiki ba, takardun fansho kuma Abuja ake bin su. Labari ya bazu a coci cewa Mika na da ɗaki kyauta a can. Shi kuwa Allah bai hore masa kalmar a'a ba. Da maki ya taru sai ga dattijo da ambulan a hammata, shi ke nan an koma farko. Sau bakwai aka yi haka. Dinah ta daina tambaya. Leshin da ta ɗinka don tafiyar, bikin wata yarinya a Dabai ta sa shi.

Bara Mika ya yi ritaya. Saƙo ya shigo wayarsa cewa makin da ya rage zai tashi a banza in Disamba ta ƙare. Ya duba, ya isa kujera biyu zuwa da dawowa, da kwana uku, daidai alkawarin, kuma ba wani da zai sake taruwa. Ya sa rana.

Saura mako ɗaya sai ga Mama Leah, maƙwabciyarsu da ɗanta soja ya rasu. An kira ta Abuja tantancewa, ga ciwon gwiwa, ba ta iya wuni a mota. Mika ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Dinah ce ta yi magana.

"Baban Joyce, tsohuwa ba ta tafiya ita ɗaya, kuma ba da namiji za ta kwana ɗaki guda ba. Ni zan raka ta. Kai ka tsaya a shigo da dawa."

Haka aka yi. Rana ta huɗu ta dawo, ta sauka daga babur, ya karɓi jakarta.

"Yaya jirgi?"

"Kunnena ya toshe."

"Otal fa?"

Sai da ta zauna ta cire takalmi sannan ta amsa. "Sun san ka sosai. Da mai ba da makulli ta ga sunanka, miƙewa ta yi, ta ce a gaida Oga. Sai ta tambaye ni ko ni ma abinci marar yaji za a kawo mini, yadda aka rubuta maka tun shekara sha ɗaya, saboda gyambon ciki."

Mika ya ajiye jakar.

"Shekara sha ɗaya ina daka maka attarugu, kana ci kana cewa miya ta yi daɗi. A gaban Mama Leah na ji wannan, daga bakin bare. Na ji kunya, kuma ya yi mini ciwo."

"Kwana nawa nake yi a gida, Maman Joyce? Ban so 'yan kwanakin su ƙare a zancen ciwo ba."

Ta dube shi, ta tashi ta shiga madafa. Miyar ranar ko ƙwayar barkono babu, ta fito salam. Ita ma daga tukunyar ta ci, kuma har yau haka suke ci.