Ranar da Gwadabe Fatoma Ya Yanke Igiyar Baƙo

Gwadabe bai zaɓi sana'arsa ba, a cikinta ya buɗe ido. Gidansu na cikin wani lungu kaɗan da shiga Ƙofar Mazugal, kuma tun zamanin kakansa gidan saukar baƙi ne. Fatake daga Damagaram da Agadas, masu kanwa da dabino, da alhazan ƙasa da suka sha tafiya daga gabas, duk nan suke sauke gajiya. Mai irin wannan gida shi ake kira fatoma. Zai ba baƙo makwanci da tuwo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in ciniki ya rikice, ya sami la'adarsa. To amma ba tuwon ne ya riƙe gidan ba, don miyar Larai matarsa, Allah ya ba ta haƙuri, ba ta taɓa sa wani ya dawo ba. Ɗakin ajiya ne ya riƙe shi. Baƙo zai ɗaure kayansa da irin nasa ƙullin, ya miƙa, a shigar ɗaki, ya tafi inda zai tafi, ya dawo bayan wata da watanni ya tarar da ƙullinsa yadda ya bar shi. Fatoma ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya kuma kwancewa sai mai kaya na tsaye. Wannan suna shi kaɗai Gwadabe ya gada, ban da ginin ƙasa mai yoyo.

Mutum ne gajere mai yawan magana, mai saurin fushi da saurin hucewa. Aibinsa ɗaya, ba ya iya kwana da rigima. In mutum biyu suka saɓa a zaurensa, sai ya bi wannan ya bi wancan, yana gumi yana rantsuwa, har sai an shirya kafin magariba, ko da shi zai yi asara. Mutane suna yabonsa a kan haka, shi ma yana jin daɗin yabon fiye da kima. Da siyasa ta shigo gari ta raba unguwa biyu, har maƙwabta suka daina zuwa sunan juna, shi bai yanki katin kowa ba. Cewa yake duk wanda ya sauka gidansa a tukunya ɗaya za a kwasar masa.

Da kakar shekarar babban zaɓe, wanda ake cewa daga shi sai Turawa su miƙa mulki, wani baƙo ya sauka, ana ce da shi Malam Shehu. A Sudan aka haife shi. Mahaifinsa Bakano ne da ya tafi Makka a ƙasa yana saurayi, hanya ta riƙe shi, bai sake ganin Dala ba. Hausar Malam Shehu duk ta sha Larabci, turare yake sayarwa na jiki da na wuta. Ranar da ya zo ya miƙa wa Gwadabe wani ƙunshi a cikin fata, an ɗaure shi tam da igiya, ya ce a ajiye masa. Gwadabe ya karɓa ya shigar ɗaki, bai tambaya ba.

Abu biyu suka ja wa baƙon ido. Na farko, da ya idar da ciniki sai ya shiga lungunan Koki da Dala yana tambayar tsofaffi sunayen mutanen da, wa ya rasu, wa ya tashi, ina 'ya'yan wane suka koma. Na biyu, samarin jam'iyyar adawa sun gano cewa daga ƙasar da ta riga ta sallami Turawa ya fito, sai suka riƙa cika zauren da yamma suna tambayarsa yadda aka yi. Shi kuwa bawan Allah, akwai son hira. Abin da ya gani da wanda ya ji a kasuwa duk zubawa yake, yana ƙara gishiri.

Ba a daɗe ba Alhaji Ashafa ya aiko kiran Gwadabe. Alhaji babban ɗan kasuwar gyaɗa ne, shi jam'iyyar masu mulki ta tsayar takara a yankin, kuma bai saba a ce masa a'a ba. Ya karɓi Gwadabe da fara'a, aka kawo goro, sannan ya shiga magana. Ya ce labari ya iso masa cewa wata ƙasar gabas ta aiko da dukiya a ɓoye don a saye zaɓe wa 'yan adawa, kuma ƙunshin yana kwance a ɗakin Gwadabe. Ba ya neman komai, sai dai Gwadabe ya tsaya a wajen lacca ya faɗi da bakinsa cewa baƙonsa ɗan aike ne. Gwadabe ya durƙusa ya ce, ransa ya daɗe, bai san abin da ke cikin ƙunshin ba, kuma ba ya shaidar abin da bai gani ba. Alhaji ya yi murmushi, ya ce ai shi ya sa ake buɗe abu a gani.

Washegari kuma sai ga Jibrin, wai turare ya zo saye. Jibrin ɗan sandan ciki ne, irin waɗanda ba sa sa kaki, aikinsu sauraro da kai rahoto. Duk unguwa an san shi, don babbar riga yake sawa da takalmin gwamnati, shi kaɗai ne bai san an sani ba. Ya ja Gwadabe gefe ya gaya masa gaskiyar da ke damunsa. Sun daɗe suna bin Malam Shehu, ba su ga komai ba sai mutum mai surutu. Alhaji ya je ofishinsu ya buga tebur, yana son a kama baƙon a yi shela kafin ranar ƙuri'a, shugabansu ya ce ba za su sa hannu a kan abin da ba su da hujjarsa ba. Har ma ya tambayi Alhaji, in ana maganar hannun waje, wane kamfanin ƙetare ne ya ba shi motocin lasifikar da ke yawo da sunansa. Daga nan aka ɓata. Alhaji yana yawo yana cewa masu leƙen asiri suna cin albashin gwamnati suna rufa wa maƙiyanta asiri, kuma in Turawa sun tafi ya san waɗanda za su fara kwashe kayansu. Wannan maganar ce ta fi damun Jibrin, don yana da iyali.

Ya ce, "Baba Gwadabe, kada ka kore shi, kada ka gaya masa, kada ka taɓa kayansa. Ka bar mu da aikinmu."

Ga Gwadabe a tsakiya, kowane ɓangare da abin da yake so da shi, babu kuma wanda ya tambaye shi abin da zai rasa. Malam Shehu kuwa ya ji ƙishin-ƙishin ɗin wata tsohuwa da yake nema, ya ɗauki jakar turarensa ya nufi wajen Bichi, bai ce ga ranar dawowa ba.

Bayan tafiyarsa abubuwa suka fara matsewa. Kayan baƙin Gwadabe suka riƙa daɗewa a bakin ƙofar gari ana bincike. Duba-gari mai binciken tsabtar gidaje, wanda da sai shekara ta zagayo ake ganinsa, ya mai da gidan wurin zuwa, yana leƙa randa yana girgiza kai. A wajen lacca mai magana ya ɗaga murya ya ce akwai wani gida a Mazugal da ake ɓoye amanar ƙasa a cikin fata, jama'a suka juya suna kallon lungun. Larai ta je biki aka tashi aka bar mata tabarma. Gwadabe ya rame, abinci ya daina shiga. Abin da ya fi ci masa rai ba tsoron Alhaji ba ne, jin da yake ana zagin baƙonsa a bayan idonsa, shi kuwa yana zaune bai tsaya masa ba.

Nan fa dabara ta zo masa, irin wadda fatoma kaɗai za ta zo wa. A sana'arsu, in aka yi gardama a kan kaya, mai saye ya ce an cuce shi, baƙo ya ce ƙarya ne, fatoma kan tara shaidu a zaure a kwance kayan a gaban kowa, magana ta mutu. Ya yi haka ba sau ɗaya ba, kullum kuma shi ake yaba wa. Sai ya ga ai wannan ma gardama ce a kan kaya. In aka buɗe aka ga ba komai, an wanke Malam Shehu, Alhaji ya yi shiru, Jibrin ya tsira da aikinsa, kowa ya kwana lafiya. Larai ta ce masa ya jira mai kaya, duk buɗewar da ya taɓa yi mai kaya na tsaye. Ya ce mata zaɓe ya matso, kafin mutumin ya dawo an gama ɓata shi, kuma ai don shi za a yi. Ta ce ita dai ba ta ga inda aka taɓa yin haka a gidan ba. Ya daka mata tsawa ya fice.

Bayan la'asar ya tara liman da mai unguwa da wakilin Alhaji. Jibrin ya iso a guje yana roƙonsa da ido, bai kula ba. Aka fito da ƙunshin aka ajiye a kan tabarma. Gwadabe ya durƙusa ya kama ƙullin, ya ja nan ya ja can, ya ƙi. Wani irin ƙulli ne da bai taɓa gani ba, bai san kansa ba. Mutane na kallo, gumi na zuba, kunya ta hana shi fasawa. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Tsohuwar rigar saƙi ce a ciki, ta koɗe, wuyanta ya sha faci. Sai hula, da carbi, da likkafani sabo a naɗe, da ɗan gwangwanin zamzam da aka liƙe bakinsa. Liman ya yi salati a hankali, ya ce wannan ai kayan mamaci ne, a mayar a rufe. Wakilin Alhaji ya sa yatsa ya ɗaga rigar ya leƙa ƙarƙashinta, ya karkaɗe hannu ya tashi.

Gwadabe ya zaci an gama. Kafin gari ya waye mutanen Alhaji sun baza cewa masu leƙen asiri ne suka tsegunta wa Gwadabe, aka kwashe dukiyar aka cusa tsumma. Su kuma can ofis suka ce Alhaji ya ɓata musu bincike da gaggawarsa. Kowa ya sami abin jifan ɗan'uwansa, rigimar ta ƙara zafi. Aka ɗauke Jibrin aka tura shi wani gari mai nisa. Aka yi zaɓe, Alhaji ya ci, ya tafi majalisa a Ikko, bai sake ambatar ƙunshi ko baƙo ba.

Malam Shehu ya dawo fuskarsa cike da murna. Ya sami wadda yake nema, ƙanwar mahaifinsa ce, ta tsufa ta makance, amma da ya faɗi sunan yayanta sai ta fashe da kuka. Ya zo ɗaukar saƙonta. Gwadabe ya fito da ƙunshin, ya haɗa igiyar da nasa ƙullin yadda ya iya, ya fara bayani tun kafin a tambaye shi. Ya faɗi lacca, ya faɗi Alhaji, ya faɗi yadda ya wanke shi a gaban liman. Baƙon ya saurara har ƙarshe yana shafa wurin da wuƙa ta bi.

Ya ce, "Maigida, mahaifina yana kan shimfiɗar mutuwa ya ɗaure wannan da hannunsa. Ya ce kada kowa ya kwance sai ita. Ba ta gani, da hannu za ta gane ƙullin gidansu. Na ratsa ƙasashe da shi, 'yan kwastan ma na roƙe su sun bar mini."

Gwadabe ya ce don shi ya yi, Allah ne shaida.

"Na yarda. Da a ce da ƙarfi suka zo suka fasa ɗakin, da ni zan ba ka haƙuri. Amma kai ka yanka."

Bai yi faɗa ba, bai yi Allah ya isa ba. Ya yi godiyar tuwo da makwanci, ya leƙa ya sallami Larai, ya ɗauki kayansa ya tafi. Gwadabe ya so a ce zaginsa aka yi, da ya sami abin ramawa. Baƙin ciki ya kwantar da shi kwana da kwanaki.

Ban ce Malam Shehu ya kai ƙararsa ko'ina ba, ba halinsa ba ne. Amma abin da aka yi a gaban liman da mai unguwa ba ya ɓuya, kuma fatake ba su da abin yi a zango sai hira. Da rani ya yi, ayarin Damagaram ya iso, a cikinsu har da Hammadu mai kanwa, tsohon da ke sauka a gidan tun mahaifin Gwadabe na da rai. Da Gwadabe ya hango shi a bakin lungu sai da ya yi ƙwalla don murna, ya ce wa Larai ashe sunan gidan bai mutu ba. Aka gaisa, aka tambayi iyali da hanya, aka kawo fura. Hammadu ya sha, ya yi hamdala, ya yi ta ba'a kamar yadda ya saba.

Gwadabe ya tashi ya ɗauko mabuɗin ɗakin ajiya, ya sunkuya zai ɗauki jakar fatar da ke gefen tsohon. Hammadu ya ɗora tafin hannunsa a kanta, yana murmushi, bai dube shi ba.

Ya ce, "Bar ta nan, maigida, kada ka wahala. Ba ta da nauyi, da ita zan kwana."

Gwadabe ya miƙe a hankali. Ya tsaya a tsakiyar zauren ubansa da mabuɗi a hannu, ya ce to.