Yatsu Biyu Da Na Bari A Bakin Sito

A lokacin ni yaro ne mai ƙafar yawo. Daga aji biyu na sakandare na ajiye biro. Na taɓa wankin mota, na taɓa jan keke mai ƙafa uku, babu inda na daɗe. Daga baya na samu leburanci a wani siton taki kusa da unguwarmu Bagadaza. A can na fara ganin fokalif, motar nan mai ƙahonni biyu da ke ɗaga kaya zuwa cikin tirela.

Muna da wata al'ada a wurin. In aka cika mata buhuna har bayanta ya fara tashi sama, maimakon a rage, sai mu ɗare bayan mu danne ta da nauyinmu. Ni ne kullum na farko. Abokan aiki suna tsokanata, wai siririn da bai kai rabin buhu ba me zai danne. Direban, wani dattijo Batangale da muke kira Baba, ya sha korata, yana cewa in sauko, wannan ba jakin gidanmu ba ne. Dariya kawai nake yi.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa, dakalin lodi da santsi. Ina kan bayan motar, har da ɗaga hannu kamar ɗan takara, sai buhunan gaba suka zame. Bayan ya dawo ƙasa da ƙarfi, na faɗo, taya ta hau ƙafata. Baba ne ya goya ni zuwa keke mai ƙafa uku, yana ta yi min faɗa, hawaye na zubo masa. A asibiti likita ya ce mai yiwuwa a yanke ƙafar. Innarmu ta so a kai ni wurin mai ɗori, Baba ya durƙusa ya roƙe ta a bar ni nan. Allah ya taimaka, yatsu biyu kawai aka cire.

Zaman jinya ne ya sa na koyi ɗinki wurin kawuna a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Yanzu shagona nake da shi, alhamdulillah, da wannan ƙafar nake taka keken ɗinki.

'Yan uwana masu lodi, in bayan mota ya tashi, a rage buhu, kar kowa ya hau. Ni da malamai suka kasa zaunarwa, sai da na bar yatsu biyu a bakin sito kafin na iya zama wuri ɗaya.