Muciyar Bana Chilufya

Shekara talatin Bana Chilufya, wato Maman Chilufya, ta yi tana tuƙa tuwon masara a bayan cocinsu da ke garin Kitwe, duk Asabar, domin tsofaffi da marasa galihu. Mace ce mai faɗa. Ranar da wata matashiya ta kawo shawarar a riƙa dafa shinkafa, sai ta galla mata harara ta ce, "'Yar nan, shinkafa ai abin taɓa baki ce. Wanda bai ci tuwo ba, da yunwa ya kwana."

Da guguwa ta yi ɓarna a Madagaska, cocin ya tura masu aikin sa kai, ita ce kan gaba, da muciyarta a akwati. Ta tuƙa tuwo mai laushi, ta bi kowa da ruwan wanke hannu kamar a gida. Mutane suka ci, suka yi godiya, amma ba wanda ya tashi. Can wata tsohuwa ta yi wa mutumin da ke yi musu tafinta raɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, wai yaushe za a kawo abincin? Shinkafa take nufi."

Mako uku ta yi tana koyon dafa shinkafa a hannun tsohuwar nan.

Yanzu ƙarfi ya ƙare, muciyar tana rataye a ɗakinta. In ta tuna sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Na tsallaka teku in ciyar da mutane, ban tambaye su me suke kira abinci ba."